Tambayoyi da amsoshi kan modul ɗinmu na sabar Apache da yadda ake kula da shi

Wannan shafi na masu son ba da gudummawa ne ga wani ƙaramin modul da wasunmu masu rubuta manhaja a nan Jos muke kula da shi. Aikinsa guda ɗaya ne: taimaka wa sabar Apache ta gano shafin da ake nema, ko an rubuta adireshin da haruffan Hausa masu lanƙwasa ko ba a rubuta da su ba. Tambayoyin nan su ake yawan yi mana, wasu a rubuce, wasu a baki bayan an tashi daga zaman Asabar. Mun bar su kusan yadda aka yi su.

Mene ne modul? Me ya raba shi da manhajar da nake rubutawa da Python ko PHP?

Sabar yanar gizo manhaja ce da ke zaune a kan kwamfuta tana jiran burauza ta nemi shafi, ita kuma ta miƙa. An gina Apache da 'yar ƙaramar cibiya, sauran ayyukan duk modul ne ke yin su: mod_ssl na ɓoye saƙo tsakanin sabar da burauza, mod_rewrite na sauya adireshi, mod_deflate na matse shafi don ya rage cin data. Na farkon da na biyun duk Ralf Engelschall, wani Bajamushe, ya fara rubuta su, mod_rewrite a 1996, mod_ssl a 1998.

Bambancin yana wajen da kowanne ke zaune. Manhajarka ta Python galibi a gefe take; idan ta faɗi, sabar za ta nuna wa baƙo shafin kuskure ta ci gaba da harkarta. Modul kuwa da yaren C ake rubuta shi, kuma a cikin jikin sabar yake gudu. Duk ikon da sabar ke da shi, shi ma yana da shi. Idan ya taɓa inda bai kamata ba a memori, ɓangaren sabar da ya ɗauke shi zai mutu tare da duk baƙin da yake yi wa hidima a lokacin. Yawancin tsaurin da za ka gani a ƙasa daga nan ya samo asali.

To shi naku me yake yi takamaimai?

Ɗauki shafin da aka sa wa suna ƙasa. Wani zai buga shi da ƙ, wani ya buga k'asa, wani kuma kasa kawai saboda madannin wayarsa ba su da harafin. Mai karatu ya san abu ɗaya ake nufi, amma a wajen sabar adireshi uku ne mabambanta. A tsarin UTF-8 harafin ƙ bayit biyu ne, a cikin adireshi yana komawa %C6%99. Harafin ɗ yana komawa %C9%97, ɓ kuma %C9%93. Ga 'y ɗin da muke rubutawa a Najeriya, wanda a Nijar ake rubuta shi ƴ. Ga kuma 'yar alamar nan ta cikin kalmar sana'a, wadda wata kwamfutar ke bugawa a miƙe, wata a lanƙwashe, kowacce da lambarta daban a Unicode. Ƙarshenta mutum ya samu 404, wato saƙon ba a ga shafin ba, alhali shafin na nan.

Modul ɗin ba ya motsi sai sabar ta nemi fayil ta rasa. Sannan ne yake duba ko akwai wani suna da ya yi daidai idan aka sauya waɗannan haruffa. In ɗaya ne, sai ya tura burauza can da lambar 302, wadda ke nufin turawa ta wucin gadi. In sun fi ɗaya, ya mayar da 300 tare da jerinsu, baƙo ya zaɓa da kansa.

An sha tambayarmu me ya sa ba 301 ba, wato turawa ta dindindin, tunda masu neman shafinsu ya hau sama a Google sun fi son ta. Dalili shi ne burauza na riƙe 301 a ranta, ba ta sake tambaya. Kasa kuwa kalma ce mai zaman kanta. Gobe mai shafin zai iya wallafa wani rubutu da wannan suna, sai ya tarar tsofaffin baƙinsa ba sa iya isa gare shi. Zato muke yi, kuma bai kamata a kafa zato ya zama na dindindin ba.

Ai mod_rewrite zai iya wannan. Me ya kai ku rubuta sabon abu?

Zai iya, kuma idan shafukanka ba su wuce a ƙirga da hannu ba, shi muke ba ka shawara ka yi amfani da shi. Layi kaɗan a fayil ɗin saiti sun fi modul sauƙin kulawa nesa ba kusa ba. Akwai ma mod_speling da ke zuwa tare da Apache, amma shi kuskuren harafi ɗaya yake yafewa, ƙ kuwa bayit biyu ne a wajensa. Namu ya fi amfani ga mai dubban fayiloli, irin rumbun tsofaffin jaridu ko darussan makaranta, inda ba mai iya rubuta wa kowane suna ƙa'idarsa.

Na wane ne? Zan iya sa shi a aikin da ake biyana?

Za ka iya. Lasisin Apache 2.0 ne a kansa, wanda ya fito a 2004. Ya yarje maka ka yi amfani da shi, ka sauya shi, ka sayar da aikin da ka gina a kai, ba tare da ka buɗe naka kod ɗin ba. Abin da ya ɗora maka shi ne ka bar takardar lasisin da sunayen masu haƙƙi a ciki, ka kuma nuna fayilolin da ka sauya. Babu garanti, in ya lalata maka wani abu ba ka bin kowa bashi. Kowane mai ba da gudummawa shi ke da haƙƙin abin da ya rubuta, ya dai amince a rarraba shi da wannan lasisi. Saboda haka kada ka kwaso kod daga aikin ofishinku, ko daga manhajar da ke ƙarƙashin lasisin GPL, ka liƙa mana.

Mu ba reshen gidauniyar Apache ba ne. Sabar tasu ce, modul namu ne, kuma kuskurenmu ba a kai musu ƙararsa.

Yaya, ni fa ban iya C sosai ba. Akwai abin da zan iya yi?

Akwai, kuma shi muka fi ƙarancin masu yi. Ka ɗauki rahoton matsala da wani ya aiko, ka gwada a kwamfutarka ko za ta sake faruwa, ka rubuta matakan da ka bi. Ka bi takardar girkawa daga farko har ƙarshe kamar baƙo, duk inda ka tsaya ka gaya mana, don mu da muka haddace ta ba ma ganin ramukanta. Ka tara mana sunayen fayil na gaske masu wuyar sha'ani, irin waɗanda suka haɗa babban Ƙ da alamar karin sauti da sarari a tsakiya, mu sa su cikin gwaji. Malamar Hausa da ta san inda rubutun Kano da na Damagaram suka sha bamban tana da abin da za ta ba wannan aiki wanda gwanin C ba shi da shi.

Ta yaya zan harhaɗa shi a kwamfutata?

A Debian ko Ubuntu ka girka apache2 da apache2-dev. Na biyun ne ke kawo apxs, wanda ke harhaɗa kod ɗin ya ajiye shi inda sabar za ta gan shi. Layin LoadModule ne ke loda shi. A waɗannan tsare-tsare biyu a2enmod na yi maka wannan. Kafin ka sake tayar da sabar, ka buga apachectl configtest. Mai Windows ya yi amfani da WSL, wanda ke gudanar da Linux a cikin Windows. Kada ka yi gwaji a kan sabar da jama'a ke shiga.

Ga masu fama da wuta da data, wato kusan dukanmu: Git, manhajar da muke ajiye kod da tarihinsa da ita, ba ya buƙatar intanet sai lokacin ɗaukowa da turawa. Ka ɗauko sau ɗaya inda sabis ke da ƙarfi, ka koma Unguwar Rogo ko Bukuru ka yi aikinka, kana ajiye kowane mataki. Mun kuma ƙi yarda gwaje-gwajen su dogara da Docker, don kada a tilasta wa ɗalibi sauke ɗaruruwan megabayit kafin ya gwada gyaran layi biyu. Apache da curl, manhajar neman shafi ba tare da burauza ba, sun isa.

Yaya ake aiko da faci, wato gyaran kod?

Faci ɗaya, magana ɗaya. Idan ka gyara kuskure, kuma a hanya ka ga sunayen da ba su yi maka ba ka sauya su, ka raba su biyu. Ka haɗo da gwajin da ke faɗuwa kafin gyaran, ya kuma wuce bayansa. A bayanin da ke kai, ka faɗi dalili. Abin da ka sauya muna iya gani a kod ɗin, abin da ya sa ka sauya ne ba mu sani ba, kuma shi wanda zai zo bayan shekara biyar zai nema.

In gyaran babba ne, yi magana kafin ka fara. Abin takaici ne mutum ya ƙone hutunsa gaba ɗaya kan abin da da ya tambaya da an gaya masa an taɓa gwadawa an bari.

Tattaunawa da Hausa ko Ingilishi duk ɗaya ne a wajenmu. A Jos dama Hausa ce ke haɗa mutanen da harsunan gidajensu suka bambanta, haka ma a wannan aiki. Bayanan cikin kod da na faci kuwa da Ingilishi muke yi, saboda masu shirya manhajoji a wasu ƙasashe su iya karantawa.

Malam, layi goma kawai na aiko, an dawo mini da shi da gyara ya fi layin yawa. Ko dai ba a son baƙo ne?

Ana so. Da ba a so, da shiru za ka ji. Abu uku mai bita ke dubawa, kuma kusan kowane sabon zuwa sai ya yi tuntuɓe da ɗaya.

Na farko memori. Apache ba ta son ka karɓi memori da malloc kana tuna sakinsa da kanka. Tana da nata tsarin a APR, tarin kod ɗin da aka gina ta a kai: kowace buƙata na zuwa da rumbunta, ka ɗebi abin da kake so daga ciki, buƙatar na ƙarewa a share rumbun gaba ɗaya. Akwai kuma rumbun saiti, wanda ke nan har sai an sake tayar da sabar. Idan ka ɗebi daga na saiti a kan kowace buƙata, sabar za ta yi ta kumbura a hankali. Ba za ka gani ba a gwajin minti biyar, mai shafi ne zai gani bayan makonni. In kuma ka ajiye abu daga rumbun buƙata ka koma masa bayan an share, to ka karanta abin da ba naka ba, wataƙila ma bayanan wani baƙo.

Na biyu zare, wato layin aiki guda a cikin manhaja. Apache na iya gudu ta hanya uku: prefork, worker da event. A prefork kowane ɓangare buƙata ɗaya yake riƙewa a lokaci guda. A sauran biyun zaruruwa da yawa ne ke aiki tare cikin memori ɗaya, saboda haka duk wani ma'aji na gama-gari da ka rubuta a ciki, wani zaren na iya sauya shi kana tsakiyar aiki. Irin wannan matsala ba ta fitowa sai baƙi sun yi yawa, shi ya sa muke cewa a yi gwaji da event, a matsa masa da ab, manhajar da ke jefo wa sabar buƙatu masu yawa, a kuma harhaɗa da AddressSanitizer, mai kama kuskuren memori.

Na uku, wanda ya fi hana mu barci, shi ne modul ɗinmu adireshi yake taɓawa. A watan Satumba na 2021 Apache ta fitar da siga 2.4.49 da wani sauyi a yadda take tsabtace adireshi. Sai aka gano cewa idan mutum ya rubuta ɗigo a ɓoye, wato %2e, zai iya hawa sama ya fita daga babban fayil ɗin shafi ya karanta abin da ba a nufa ya gani ba, a sabar da ba a ƙulle saitinta da kyau ba. Aka fitar da 2.4.50 a farkon Oktoba, sai ga shi gyaran bai toshe duka ba, domin ana iya ɓoye ɗigon sau biyu. Cikin 'yan kwanaki aka sake fitar da 2.4.51. Waɗannan mutane ne da suka shafe shekaru a kan wannan kod, da masu bita da yawa. Mu da ba mu kai su yawa ko gogewa ba, muna aiki a daidai wurin da suka zame. Shi ya sa duk facin da ya shafi warware alamar % ko haɗa sunan fayil sai mutum biyu sun karanta shi layi-layi, ko da wanda ya fara rubuta modul ɗin ne ya aiko.

Wa ke yanke hukunci idan an saɓa?

Mun aro tsarin Apache, muka rage shi daidai girmanmu. Ita kanta da haka ta fara. Rob McCool ya rubuta sabar NCSA a Jami'ar Ilinoi da ke Amurka, ya bar wurin a 1994, aikin ya tsaya. Masu amfani da ita suka ci gaba da yi mata faci kowa a gefensa, har a 1995 mutum takwas, cikinsu da Brian Behlendorf, suka haɗa facin wuri guda. Ba su da shugaba mai cewa a yi, dole suka nemi hanyar daidaitawa, aka samu ƙuri'ar +1 (goyon baya), 0 (ba ruwana) da -1 (ban yarda ba). Gidauniyar ta zo daga baya, a 1999.

A wajensu -1 a kan kod na tsayar da shi cak, amma sai mai ita ya kawo hujja ta fasaha. “Bai yi mini ba” ba hujja ba ce. Fitar da sabuwar siga kuwa ba mai iya hana ta shi kaɗai: ana buƙatar +1 uku daga masu alhakin aikin, kuma masu goyon baya su fi masu ƙi yawa. Akan bar ƙuri'a a buɗe aƙalla awa 72. Mu kuwa +1 biyu muke nema a maimakon uku, awa 72 ɗin kuwa mun riƙe ta yadda take, don wanda wutar unguwarsu ta ɗauke kwana biyu shi ma ya samu ya yi magana.

Ni ɗaliba ce. Ta yaya zan sa wa malamina -1?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce nauyi a wajenmu, kuma masu yin ta a fili kaɗan ne. An tashe mu kan cewa ba a musu da babba. Sai ka ga faci ya fito daga wanda ya girme kowa, yara uku sun karanta, dukansu sun ga ramin, kowa ya sa +1 ya yi shiru. Bitar da aka yi haka ba ta da amfani, gara ma ba a yi ba, domin ta sa an saki jiki.

Ba mu ce ki ajiye ladabi ba. Ki ce, “Malam, a layi kaza na ga kamar idan sunan ya zo babu komai za a karanta bayan ƙarshensa, ga adireshin da na gwada da shi.” Kin gaishe shi, kin kawo shaida, ba ki ce masa bai iya ba. Manyan cikinmu kuma mun ɗora wa kanmu abu biyu: ba ma shigar da namu facin da hannunmu, kuma wanda ya kama mana kuskure muna sa sunansa a bayanin gyaran.

Mun riga mun yi maganar a WhatsApp, ko a zaman Asabar. Sai na sake rubutawa?

Sai ka sake. Zaman da muke yi a wajen Bauchi Road ba kowa ke samun zuwa ba. Akwai na Abuja, akwai wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Saƙon murya kuma ba a iya bincika shi bayan shekara. Abin da ba a rubuta a ma'ajiyar aikin ba, inda kowa zai gani, hira ce, ba hukunci ba.

Na kawo sabon abu mai amfani, yana aiki, an ƙi karɓa. Me ya sa?

Saboda karɓa alkawari ne. Mutane na kiran irin wannan aiki gayya, kuma da gaskiyarsu, sai dai 'yan gayya yini ɗaya suke yi su ci tuwo su watse, mai gona ne ke komawa maimai. Kai za ka rubuta cikin mako guda, bautar ƙasa ta kai ka wata jiha ko aiki ya ja ka Abuja, wanda ya rage shi zai amsa tambayoyi a kan abin har shekaru.

Ƙasar da muke tsaye a kai ma motsi take yi. Da Apache 2.4 ta fito a 2012, an raba wurin da modul ke samun lambar IP ta baƙo gida biyu, kuma Require ya maye gurbin Order, Allow da Deny a saiti. Modul da yawa sun daina harhaɗuwa har sai da wani ya zauna ya gyara su, kuma da aka daina kula da 2.2 a 2017, waɗanda ba su da mai gyarawa suka zama tarihi. Kowane zaɓi da muka ƙara a saiti, ƙarin abu ne da za a ɗauka a tsallaka da shi duk ranar da irin wannan ta sake faruwa. Don haka tambayar da muke yi ita ce mutum nawa ke buƙatarsa, kuma wa zai riƙe shi. In amsar “ni kaɗai” ce, ka riƙe shi a naka reshen, lasisi ya ba ka dama, ba kuma za mu ji haushi ba.

Na ga kamar akwai ɓaraka ta tsaro. In rubuta a inda ake kai rahoto?

A'a. Ka bi hanyar sirri da ke cikin fayil ɗin SECURITY, ka ba mu lokaci mu gyara mu fitar, sannan a sanar tare da sunanka in kana so. In ɓarakar a jikin Apache take, tawagar tsaronsu za a kai wa, kuma za mu taimaka maka rubutawa. Kada ka gwada a shafin wani ba da izininsa ba, ko da niyyarka mai kyau ce.

Ko rahoton yau da kullum ne, ka goge lambobin IP da duk abin da zai nuna ko wane ne baƙo kafin ka liƙa mana rajistar sabar. Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, kuma abin da ka liƙa a fili ya fita hannunka.

Yaushe za a ba ni ikon shigar da kod da kaina?

Babu adadin faci da za ka cika. Muna duba ko kana bitar na wasu, ko kana dawowa ka gyara abin da facinka ya ɓata, da yadda kake amsa wa mai tambayar da ta gundure ka. Yakan ɗauki watanni.

Ba ma gaggawa, kuma matsin lamba ƙara mana jinkiri yake yi. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura shiga wata kwamfuta ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Ya bi sawu har ya gano ƙofar baya da aka dasa a xz, manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowane Linux. Wanda ya dasa ta, da sunan Jia Tan, ya yi kusan shekara biyu yana aiko da gyare-gyare masu kyau, yayin da wasu asusun ke ta ƙorafi ga mai kula da aikin, wanda shi kaɗai ne kuma ya gaji, cewa ya nemi mataimaki. Saboda haka ko bayan an ba ka iko, wani zai ci gaba da karanta abin da ka shigar. Fayil ɗin da ake rarrabawa kuma dole mutum na biyu ya sake gina shi daga ma'ajiya ya ga sun yi daidai, don a xz wani ɓangaren dabarar a cikin fayil ɗin rarrabawa kaɗai yake.

Ana biya?

Ba a biya, ba mu da asusu. Gidauniyar Apache ma ba ta biyan masu rubuta kod. Da yawansu kamfanonin da suke wa aiki ne ke ba su lokacin. Abin da za ka samu shi ne aiki a fili da sunanka, wanda mai ɗaukar ma'aikaci zai iya buɗewa ya karanta, da sabo da bita mai tsanani. Mai neman tallafi ya duba Google Summer of Code, wanda ake yi tun 2005, ko Outreachy. Dukansu suna son ganin ka taɓa ba da gudummawa a wani wuri. Idan kamfaninku na cin moriyar modul ɗin, abin da ya fi kuɗi amfani a wajenmu shi ne su ba ma'aikaci ɗaya rabin yini a mako ya yi bita.

Zan iya amfani da ƙirƙirarriyar basira in rubuta faci?

Ba mu hana ba, amma ka faɗa, kuma duk layin da aka tambaye ka dole ka iya bayaninsa da bakinka. Daniel Stenberg, mai kula da curl, ya koka a fili tun farkon 2024 kan rahotannin tsaro na bogi da irin waɗannan manhajoji ke haifarwa, masu kama da gaskiya har sai an ɓata awanni ana bincike. Rahoton da bai zo da adireshin da za mu buga mu ga matsalar da idonmu ba, za mu rufe shi.

Ni sabar nginx nake amfani da ita, ba Apache ba. Za ku yi nasa?

Ba da hannunmu ba. Nginx, wanda Igor Sysoev ya fitar a 2004, gininsa daban ne ƙwarai, modul ɗin Apache ba ya shiga cikinsa. Sai a 2016 ma ya fara karɓar modul da ake lodawa daga waje, kuma yakan so a sake harhaɗa shi da kowace siga. Abin da muka yi shi ne ware ɓangaren da ke kwatanta haruffa a fayil ɗinsa shi kaɗai, babu komai na Apache a ciki. Mai son yin na nginx ya ɗauka, gwaje-gwajen ma za su yi masa aiki.

Idan ku masu kula kuka gaji fa?

Yana faruwa da waɗanda suka fi mu. ModSecurity, katangar tsaron da Ivan Ristić ya fara a 2002 a matsayin modul na Apache, ya bi ta hannun kamfanoni har ya kai ga Trustwave, wanda ya sanar zai daina tallafa masa. A farkon 2024 aka miƙa shi ga gidauniyar OWASP. A shekarar ce kuma Maxim Dounin, ɗaya daga cikin daɗaɗɗun masu rubuta nginx, ya saɓa da kamfanin F5, mai mallakar nginx, kan yadda ake tafiyar da batun tsaro, ya ɓalle ya kafa freenginx. A duka biyun kod ɗin bai mutu ba, saboda lasisi ya bar ƙofa a buɗe kuma akwai waɗanda suka san cikinsa.

Namu tanadin ƙarami ne. Mutum uku ke da mabuɗin ma'ajiya, ba sa aiki wuri ɗaya. Matakan fitar da siga a rubuce suke, kuma ana karɓa-karɓa wajen yin su don kada su zauna a kan mutum ɗaya. In har ranar ta zo da babu mai iya ci gaba, za mu rubuta haka a saman shafin farko, kada wani ya girka yana zaton akwai mai tsaro.

Na ce zan yi wani gyara, jarrabawa ta zo, na kasa. Ina jin kunyar dawowa.

Jarrabawa, rashin lafiyar iyaye, kwamfuta da ta lalace, duk mun san su. Abin da ke cutar da aikin shi ne sunanka na nan a kan matsalar wata huɗu, kowa na ganin akwai mai yi. Rubuta layi ɗaya ka ce ka sake ta. In ka fara wani abu, tura reshen yadda yake ko bai kammala ba, ka faɗi inda ka tsaya da abin da ka gwada bai yi ba. Matsalar da aka yi kwana 30 ba a ji daga mai ita ba, mukan tambaya sau ɗaya, bayan mako guda mu cire sunan mu buɗe ta ga wani. In ka samu sarari daga baya, ɗauki wata.